Tayoyin da Na Cire Bayan Fahas

Shekara bakwai ke nan, a cikin wannan wata, da muka raka Usta Bashir Maiwurno makwancinsa a maƙabartar Baƙi'a bayan sallar la'asar. Kowace shekara nakan yi masa sadakar abinci a shago, in yi shiru. Bana ba zan yi shiru ba. Abin da ya shiga tsakanina da shi ana iya ƙirga shi da yatsun hannu guda: tayoyi biyu, aikin rabin sa'a, ƙafar mutum ɗaya, da sunan da Usta ya yi shekara ashirin yana ginawa a garin Madina. Sunan nan nake son yin magana a kai, domin ni na ɓata shi, kuma har ya koma ga Allah ban gyara ba.

Ni dillalin babura ne. Daga Damagaram na fito, na fara da kasa tsofaffin kayan gyara a kan tabarma, har Allah Ya ba ni shago a Aziziya. Abin da aka san ni da shi shi ne tsofaffin baburan tsere kirar Japan, irin waɗanda mahayinsu ke kifewa a kan tanki. A nan ƙasar ba a juya mallakar babur, ba a sabunta takardarsa, sai ya ci fahas, wato binciken lafiyar abin hawa. Saboda haka duk dillalin tsohon kaya, rabin sana'arsa a hannun makanikinsa take. Nawa makaniken shi ne Usta Bashir, Bahaushen Sudan, mutum dogo mai jinkirin magana, wanda ya girme ni da kusan shekara goma.

Mutane sukan ɗauka tsohon babur na tsere shi ne mai faɗuwa a fahas. Usta ya sha gaya musu cewa ba haka ba ne. Injin irin waɗannan babura da wuya ya kunyata ka, domin masu su ba kullum suke hawa ba, kuma suna lallaɓa su fiye da yadda suke lallaɓa kansu. Abin da ke kayar da su roba ce. Zafin Madina yakan dafa ta tana tsaye. Za ka ga taya da zanenta cike kamar jiya aka saka, amma ta bushe ta ƙandare, ba ta kama kwalta. Haka bututun birki. Usta ba ya kallon zanen taya. Yakan durƙusa ya nemi lambobin da ke gefenta, masu nuna shekarar da aka ƙera ta, ya danna ta da farce, sannan ya faɗi hukuncinsa. Babur ɗin da ya ce zai wuce, ban taɓa ganin ya dawo ba.

To, a sana'armu akwai wata ɗabi'a da kowa ya sani amma ba a rubuta ta a jarida. Samari suna son salansa mai ƙara, suna cire madubi da sigina don babur ya yi kyan gani. A haka ba zai ci fahas ba. Don haka shago yakan ajiye salansa ta asali da madubai a gefe, a ɗaura wa babur ranar bincike, in ya dawo a kwance su a mayar masa da nasa. Mu a shagonmu kayan Juma'a muke kiran su: a saka a fita, a dawo a tuɓe. Usta yana yin wannan da ɓacin rai, amma yana yi. Inda ya ja layi shi ne taya da birki. Ranar da na fara kawo masa shawarar mu haɗa da tayoyi a cikin kayan Juma'a, ko ɗagowa bai yi ba.

"Ya zol," in ji shi, da irin kiran mutanen Sudan, "salansa kunnen maƙwabci take damu. Taya kuwa uwar yaro take sa kuka. Abin da na ɗaura na kai fahas, da shi babur zai bar shagon nan, halas, magana ta ƙare."

Na yi dariya na ce da shi limanci ya kamace shi, ba kanikanci ba. Ya ce ai liman ma ba ya aron alwala.

Shekara biyu kafin rasuwarsa, wani jan babur ya shigo hannuna. Injinsa lafiya lau, tayoyinsa kuwa sun tsufa ƙwarai, ko da yake zanensu bai ci ba. Mai saye ya samu nan da nan: Musa, mutumin Injamena, magidanci mai 'ya'ya biyu, yana aikin guga a wani otal kusa da Harami, yana zaune a Ranuna. Ya daɗe yana zuwa kallon baburan nan yana komawa. Tambaya ɗaya ya yi mini: "Usta Bashir ya duba shi?" Na ce ya duba. A lokacin gaskiya na faɗa. Usta ya saka sababbin tayoyi, ya gyara birki, ya kai shi fahas, ya wuce tashi ɗaya.

Tayar babur na tsere abu ne mai tsada, kuma ina da wani babur irinsa sak a bayan shago, shi ma yana jiran fahas da tsofaffin tayoyi. Ranar Alhamis da azahar Usta ya tafi salla da cin abinci. Na ja ƙofar shago rabi, na sauke ƙafafun jan babur ɗin gaba ɗaya, na musanya su da na wancan. Na shafa wa tsofaffin mai suka yi baƙi suna sheƙi. Na rufe ɗaya babur ɗin da tamfol. Kafin Usta ya dawo, Musa ya zo ya karɓi babur ɗinsa, yana ta yi mini godiya. Na gaya wa kaina cewa zanen tayar cike yake, kuma Musa ba mai gudu ba ne. Ba wanda ya matsa mini, ba kuma talauci ne ya sa ni ba. Na ga hanya ce mai sauƙi, na bi.

Kwana tara bayan haka, da tsakar rana, a wani shataletale kan hanyar Ƙuba, tayar gaba ta zame da Musa. Ƙafarsa ta hagu ta karye wuri biyu. Ya rayu, amma tsayuwar guga ta ƙare masa.

Wansa ne ya zo shago, yana janye da ƙafar babur ɗin ta gaba. Wani ya riga ya nuna masa lambobin gefen tayar. Jama'a suka taru, Hausawan layin da masu babura. Ya jefa ta gabanmu ya ce, "Wa ya duba wannan ya ce lafiyarta ƙalau?"

Abin da na faɗa shi ne, "Ni dillali ne, ba makanike ba."

Babu ƙarya ko ɗaya a cikin wannan jimla, kuma ban taɓa faɗin abin da ya fi ta muni ba. Duk idanu suka koma kan Usta. Ya durƙusa, ya shafa lambobin da babban yatsansa, ya danna robar da farce. Sannan ya ɗago ya dube ni. Ba kallon fushi ba ne, kallon mai ba ka hanya ne ka wuce. Ban wuce ba. Da ya ga haka sai ya miƙe ya ce da wan Musa, "Ni na kai shi fahas." Bai ƙara komai ba. Mutumin ya zage shi a gaban jama'a, zagin da ba a yi wa mai furfura. A cikin makon Usta ya tattara sifanunsa ya bar shagona.

Labari a tsakanin Hausawan Madina ba ya buƙatar mota. Kafin wata ya ƙare, daga Aziziya har Ranuna kowa ya ji cewa tsufa ya kama idon Usta Bashir, wasu ma suka ce ya sayar da sababbin tayoyin ne a ɓoye. Masu babura suka daina neman sa. Ya ƙare a wani ɗan shagon faci a Harra ta Yamma, yana ɗaga tayoyin motoci da bayan da ya riga ya gaji. Sau uku na gamu da shi a cikin shekara biyun nan. Kowane karo shi ne ya fara yi mini sallama, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Kowane karo na ce a raina sai wani jiƙon. Ciwon ƙoda ya kwantar da shi, ya tafi. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makararsa, har mutane suna yaba mini riƙon amana.

Nakan tambayi kaina me zai ce in ya ga Madinar yau. Tituna sun cika da baburan masu kai saƙon abinci, waɗanda ke cinye taya kafin ta samu damar tsufa. Ta waya ake karɓar layin fahas. Tsofaffin baburan tseren da ake rainawa a da sun zama abin nema, samarinmu haifaffun nan suna ciniki a kansu, ka yi musu Hausa su amsa maka da Larabci. Ina jin zai yi murmushi in ya ga cewa maganarsa ba ta tsufa ba: har yanzu inji ba ya kayar da su, roba ce. Akwai babura da dama da ya kula da su da hannunsa, wasunsu sun haura shekara ashirin, suna zuwa fahas suna wucewa ba tare da an ce su dawo ba. Masu su suna alfahari da su, ba sa ambaton sunansa.

A watan jiya ɗaya daga cikinsu ya kawo nasa shago. Ana cikin hira ya buga tankin ya ce, "Wannan ai mai rabo ne, ya tsira daga hannun Usta Bashir." Aka yi dariya. Sai da na ji muryata a cikin masu dariyar sannan na gane inda na kai. Mutumin yana kabari shekara bakwai, kuma sunansa ya zama abin barkwanci a shagon da ya gina mini.

Musa na fara nema. Yanzu dabino yake sayarwa a zaune, sandarsa jingine a gefe. Na gaya masa komai, yadda na rubuta a nan. Ya daɗe yana kallon ma'auninsa. Na zaci zai yi maganar ƙafarsa, amma ba ita ya fara ambata ba.

"Alhaji, ka san na ƙi zuwa jana'izarsa? Ina gida na ji ana sanarwa, na ce ba zan tsaya a kansa ba. Shekara tara ina kai ƙarar wannan bawan Allah a cikin sujada."

Na ce ya yafe mini. Ya ce, "Ka tafi tukuna." Na tafi. Har yau bai kira ni ba, kuma ba ni da bakin cewa ya yi jinkiri.

Daga nan na wuce gidan Usta. Matarsa, Hajiya Batula, ta saurare ni daga bayan labule. Na shirya wa kuka, na shirya wa tsinuwa. Da na gama sai ta kira ni da alkunyata ta ce, da murya irin ta mai ba da labarin kasuwa:

"Abu Yasir, ai mun sani tun ranar. Yana shigowa ya gaya mini. Na ce ya fita ya faɗa wa duniya. Ya ce in shi ya faɗa, za a ce makanike ne ke neman wanda zai ɗora wa laifi, amma in kai ka faɗa kowa zai yarda. Ya ce kai ba mugu ba ne, tsoro ka ji, za ka zo. Har a asibiti yana tambaya ko ka leƙo."

Ta ce, "To ga shi ka zo. Allah Ya sa ya ji."

Saboda haka nake rubuta wannan inda Hausawan garin nan za su karanta, su kuma karanta wa waɗanda Hausarsu ta yi nisa. Idon Usta Bashir bai taɓa gazawa ba, hannunsa bai taɓa cin amana ba. Duk wanda ya ji wancan labarin daga bakin wani, ina roƙon sa ya mayar masa da wannan. Allah Ya jiƙan Usta, Ya sa haƙurin da ya yi da ni ya zame masa haske a kabarinsa.

Sana'ata ta koya mini in auna riba da asara a ƙarshen kowane ciniki, kuma wannan ma na auna shi. Shago yana nan, ya ma ƙara faɗi. Shekara tara ana gaishe ni da mutuncin da na wani ne. Wannan ita ce ribar. Asarar kuwa, mutum ɗaya ne a duniya ya san abin da na aikata kuma ya ci gaba da kyautata mini zato, shi ne na bari ya mutu yana sauraren ƙofa.