Ɗan'uwan Khala Rahima Mai Buɗe Ƙofa

Ranar wata Alhamis bayan la'asar, cikin zafin 1984, mata suka cika ɗakin kakata a unguwarmu ta Aƙiƙ, can ƙasa mai tsarki, har na'urar sanyaya ɗaki ta fara tari kamar tsohon da ya hau bene. Ina 'yar shekara goma sha ɗaya, kuma ni ce mai kula da bidiyo, domin kakata Hajja Dije ta yi imani duk babban da ya taɓa maɓallinsa wuta za ta ja shi. Aikina in sa kaset, in zuba shayi, in kawo dabino, in cinye rabinsa a hanya.

A gidanmu ba a kallon fim ɗin Indiya shiru. Hajja ce mai fassara. Ba ta jin yarensu ko na gaisuwa, amma tana faɗin abin da mutum zai ce tun bai buɗe baki ba, kuma wanda ta ce mugu ne ya shiga uku, don matan unguwarmu za su tsine masa har kakansa na bakwai.

Ranar kaset ɗin ba namu ba ne. Khala Rahima ce ta kawo, matar wani tela Batamile ɗan Indiya da ke haya a bayanmu. Wata takwas da zuwanta daga Madras, ba Larabci ba Hausa, kullum tana bayan taga. Mijinta ya gaya wa Abbana cewa kuka take yi, ta ce a haɗa ta da alhazan ƙasarsu ta koma gida. Wannan ne karon farko da ta tako ƙofarmu, kaset rungume cikin mayafi.

Ba a jima da farawa ba Hajja ta buga cinya. Ta gane labarin! Fim ne da muka kalla har kaset ɗinsa ya gaji da mu, sai dai an sake yin sa da Tamilanci da wasu mutane daban. Jarumin da muka sani dogo ne siriri, wannan kuwa gajere ne da gashin bakin da zai share tsakar gidanmu har da soro. "Wannan ai shi ya haɗiye na asalin," in ji Hajja, mata suka kife da dariya. Khala Rahima ba ta ji ba, idonta na kan talabijin.

Can sai ga wani siririn saurayi da jar riga ya buɗe ƙofar gidan mugu. "Ga baransa nan," Hajja ta sanar, "shi zai ƙona gonar maraya." Zagi ya ɓarke da Hausar Kano da ta Chadi da Larabci. Ni kuma don in fi kowa, na auna goshinsa da ƙwallon dabino, na kuwa same shi. Ina jiran yabo sai na ga Khala Rahima ta durƙusa gaban talabijin, ta ɗora yatsa inda na jefa, hawaye na zuba. "Akhuya," ta ce. Ɗan'uwana.

Ta miƙe ta gyara mayafi, ta miƙo mini hannu in ba ta kaset ɗinta. Kallon da Ummina ta yi mini ya isa ya dafa shinkafa. Sai Hajja ta yi gyaran murya. "Mayar da shi baya, 'yar banza." Na mayar, saurayin ya sake buɗe ƙofa. "Na yi kuskuren fassara," in ji matar da ba ta taɓa yin kuskure ba tun da aka haife ta. "Yaron kirki ne, neman halal ya kai shi gidan mugu. Ku dubi ladabin buɗe ƙofa!" Wata ta ce masha Allah, wata ta rangaɗa guɗa. Sau goma sha ɗaya ya buɗe ƙofar nan, ana shi masa albarka, har Khala Rahima ta zauna tana dariya cikin mayafi.

Da hannu da guntayen Larabci ta ba mu labari. Ɗan'uwan nata kafinta ne a wurin masu shirya fim, shi ya gina fadar mugun da falanki, iska ta taɓa kayar da ita ana tsakiyar ɗauka. Ranar da mai buɗe ƙofa bai zo ba aka zura masa jar riga. Ruwan saman cikin fim ɗin ma da tiyo aka yi shi. Da fim ya fito, layinsu duka ya tafi silima, kuma ba jarumi suka yi wa fito da tafi ba, ƙofa suka jira.

Alhazai suka tafi ba tare da ita ba. Yau shekara biyar ke nan, kowane gida ya sayi bidiyonsa ya rufe ƙofa, idon Hajja ya yi rauni, ba mu fi mu huɗu a ɗakin ranar Alhamis. Khala Rahima ce mai fassara yanzu, da Hausarta mai cike da zagin Hajja, kuma duk abin da ta faɗa daidai ne. Ni dai har yanzu fassarar kuskuren nake kewa.