Ɓerayen Zariya da Kan Maigidana

Ana idar da sallar asuba muka bar tashar Bolari ta Gombe, ni da maigidana da ƙanensa, za mu Zariya wurin likita. Tun da dilar auduga ta faɗo masa a ka a wurin aiki bara, raunin ya warke amma mutumin bai dawo ba. Wanda bai taɓa ɗaga min murya ba ya koma jifa da kwano. Iyayena sun ce in na dawo daga tafiyar nan in tattara kayana.

Hanyar Bauci sabuwar kwalta ce, motocin siminti sai wuce mu suke, ga waɗanda suka kife kwance a gefen titi. A Alkaleri muka sayi masa. Mai tuyar ta ce tun da naira ta zo, masar ta ƙanƙance, ita ma ba ta san dalili ba.

Washegari likitan ya gama duba Malam, na bi shi waje na ce, "Likita, don Allah gaya min gaskiya. Tsanata ya yi?"

Sai ya kai ni wani ɗaki mai warin magani, cike da kejin fararen ɓeraye, sun fi na kasuwar Gombe ƙiba. Ya ce sukan sa su barci su ɗan buge su a ka, don a ga abin da bugu ke yi wa ƙwaƙwalwa. Ya sa na leƙa madubinsa mai ƙara girman abu. A ƙwaƙwalwar ɓera mai lafiya ƙwayoyin cikinta sun yi rassa kamar saiwar gero, suna riƙe da juna. A ta wanda aka buga sun yanƙwane, zaren ya tsittsinke.

"Malama, irin wannan ke cikin kan mijinki. Ƙwayoyin da suka mutu ba sa dawowa. Na kusa da su kan koyi aikin a hankali, amma ba zan yi miki alkawari ba."

Na tausaya wa ɓerayen, na yi kukan da na daɗe ina riƙewa. Tun a ɗakin nan na san ba inda za ni. Shekara guda ina fushi da mara lafiya ban sani ba. Abin da tafiyar ta koya min ke nan.

A dawowa, da la'asar muka sauka Gombe. A bakin layinmu Malam ya tsaya yana duban ƙofofi ɗaya bayan ɗaya, ya rasa tasa. Can ya kama gefen mayafina.

"Shige gaba," in ji shi a hankali. "Ni zan bi ki."