Ruwan Zafi a Kwatar Challawa

Ni ban taɓa musun aljanu ba. Allah ya halicce su, ya ambace su a Littafinsa, magana ta ƙare. Abin da nake musu shi ne a ce duk wanda ya kasa barci ko ya rame, to wani baƙin aljani ne ya bar harkokinsa ya zo ya tare a kansa. Na yi shekaru ina hedman, wato shugaban ma'aikata, a sashen rini na wani kamfanin jima a Challawa, a can kuwa na ga yadda surutun banza da mugun tunani suka raba magidanci da abincinsa. Zan faɗe shi bi da bi.

Da farko, aikin. Muna da manyan ganguna na katako masu juyawa. A zuba fatu, a zuba ruwan zafi da launi, ganga ta yi ta juyi. Idan lokaci ya cika sai a tsayar da ita, a buɗe famfo ruwan ya tsiyaye cikin kwata, a ɗauraye. Ba a jinkiri. Fatar da ta jiƙu a ruwan rini bayan ganga ta tsaya dabbare-dabbare take fitowa, ba mai sayenta.

Sai mutumin. Bahaɗeje ne, mai mata ɗaya da 'ya'ya, yana haya a Panshekara. Ba ya makara, ba ya gardama. Aibinsa ɗaya: idan magana ta shiga kunnensa ba ta fita, sai ta yi ƙwai ta ƙyanƙyashe. Ka ce masa idonsa ya yi ja, kafin azahar ya fara jin zazzaɓi.

Akwai kuma direban motar da ke kawo mana fatu, wani Bakatsine wanda bakinsa ya fi injin motarsa aiki. Tsakaninsa da Bahaɗejen akwai wasan nan na Katsinawa da Haɗejawa, kullum suna cikin tsokanar juna.

Wata safiya Bahaɗejen ya buɗe famfo, ruwa ya kwararo yana tururi. Direban na jingine da ƙofa yana cin gyaɗa, sai ya dafe kai.

"Kai bawana! Ka yi bisimilla kuwa?"

Bahaɗejen ya yi tsuru. "Wallahi na manta."

"Shi ke nan, ka tafasa musu 'ya'ya. Yau uwarsu sai ta kwana a gidanka. Ka ce wa uwargida ta ƙara tuwo."

Aka yi dariya. Kowa ya san abin da iyayenmu mata suke faɗa, cewa ba a watsa ruwan zafi a ƙasa sai da sunan Allah, kada a ƙona yaran mutanen ɓoye. Ambaton Allah alheri ne a kowane aiki, ni ma ina yi. Amma wasa ne direban ya yi, kowa ya san wasa ne, ban da wanda aka yi wa.

Washegari ya zo idanu sun kumbura. Wai bai runtsa ba, an danne masa ƙirji. Da a ce mutanen sashena masu hankali ne, da sun ce masa wake ya ci da yawa, a wuce wurin. Ina! Kamar an watsa wa kaji tsaba. Wannan ya ce ƙanin kakansa haka ya fara. Wancan ya ce dama shi ya daɗe yana jin kukan jarirai a kwatar nan. Mutumin da ko ƙarar ganga ba ya ji sai an taɓa shi, shi ne mai jin kukan jariran aljanu. Direban kuwa da ya ga an kewaye shi ana saurare, sai ya ajiye wasa ya zama masani. Wanda ba ya iya kawo Sabbi ba tuntuɓe, ya koma yana rarrabe mana ƙabilun aljanu da irin abincin kowacce.

Daga nan komai ya zama shaida. Ɗan Bahaɗejen ya yi tari, su ne. Tayar kekensa ta yi faci a hanyar Panshekara, su ne, kamar hanyar ba ƙusoshi ne a zube ba. Ya daina cin abincin rana, sai jiri ya fara ɗibarsa, jirin ma su ne.

Na kira shi gefe na zaunar da shi.

Na ce, "Malam, bari mu bi abin nan daki-daki. Kafin a faɗa maka, ka ji wani abu?"

"A'a, Hedman."

"Sau nawa ka buɗe famfon nan a baya, hankalinka na wani wuri?"

"Ba zan iya ƙirgawa ba."

"To me ya sa sai ranar da wani ya yi magana?"

Ya sunkuyar da kai. "Ku ba ku ji abin da nake ji ba ne, Hedman. Ƙirjina kamar an ɗora dutsen niƙa."

"Na yarda kana ji. Wanda bai ci ba, bai yi barci ba, yana ta saƙa da warwara, dole ƙirjinsa ya yi nauyi. Ka ci abinci, ka yi addu'o'inka na safe da yamma, ka je asibitin kamfani a auna jininka."

Ya ce to. Bai je ba. Direban ne ya kai shi wurin wani mai magani a Na'ibawa, ya dawo yana warin hayaƙi, da sharaɗin kada ya ƙara zuba ruwan zafi a ƙasa har abada. Ka ji fa. An ce wa mai aikin zubar da ruwan zafi kada ya zubar da ruwan zafi.

Na tare direban a bakin ƙofa. Na ce, "Kai, tukunyar tururin kamfanin nan da kanta take fesar da tafasasshen ruwa cikin kwatar nan tun kafin a ɗauke ka aiki. Wa ke yi mata bisimilla?"

Ko kunya babu ya ce, "Ai Hedman, inji ba shi da alhaki. Ɗan Adam suke kamawa."

"Kai ka fara wannan abu da wasa. Je ka gaya masa wasa ne."

"Da wasa ne, amma yanzu ai ga shi ya tabbata."

Jahilci idan ya sami masu sauraro ba ya komawa gida.

Abin da ya biyo baya ban gan shi da wuri ba, don ganguna da yawa nake dubawa. Ashe Bahaɗejen ya samo wa kansa dabara. Idan ganga ta tsaya, ba ya buɗe famfo, sai ya bar ruwan ya huce tukuna, yana ta kai-kawo kamar mai gyaran wani abu. Fatun farko suka fito kamar jikin damisa. Na tsaya masa a gaban manaja, na roƙa a mayar da shi sashen shanya, inda ba ruwa ko na sha. Aka ce sai wata ya ƙare. Na ja masa kunne da kakkausar murya, na ce idan lokacin buɗewa ya yi ya kira ni, ni zan buɗe da hannuna.

Ya kira ni na 'yan kwanaki. Ranar da aka aike ni Sharada karɓo launi, ya sake barin ruwa ya huce a kan fatun da ake jira a tura waje. Wannan karon ba wanda ya saurare ni. Aka sallame shi.

Na je Panshekara ranar da zai tashi. An ɗaure katifa da tukwane a bayan a-kori-kura, an cire yaran daga makaranta, matar tana zaune a kan buhu ta rufe fuska da mayafi. Shi kuwa har wani haske fuskarsa ta yi. Ya ce tun ranar da aka sallame shi yake barci kamar jariri.

Na ce, "To ba ka gani ba? Ka daina tunanin famfo, ka sami barci."

Ya ce, "A'a Hedman, sun ga na bar musu wurinsu ne, suka yafe."

Na ƙyale shi, don ba a shuka a kan dutse. Ya hau mota ya zauna a kan katifa. Har an tayar da inji ya leƙo ya kira ni.

"Hedman, don Allah ku gaishe mini da Bakatsinen nan. Ku ce na gode. Ba don shi ya ankarar da ni ba, da yanzu wani zancen ake yi."

Ban isar da gaisuwar ba.