Mai Sharar Kotun Tarayya

Mijin yayata, Ozell Pettway, shekara talatin da ɗaya ya yi yana sharar kotun tarayya da ke garinmu a jihar Alabama, kuma in ka ji yadda yake zancenta sai ka rantse shi ya gina ta. Ga taurin kai, ga son a ce ya sani. Jininmu bai taɓa haɗuwa ba, gara in faɗa tun yanzu.

Amma yana da dalilinsa. Yana saurayi, sau huɗu yana zuwa a rubuta sunansa cikin masu zaɓe, sau huɗu ana koro shi don shi baƙar fata ne. Sai da wani alƙalin tarayya ya ba da umarni sannan aka rubuta shi. Takardar nan tana cikin Littafi Mai Tsarki nasa har ya mutu. Tun daga ranar ya sa a ransa cewa kotunan jiha na masu gari ne, ta tarayya kuwa tana samansu duka, kuma tamu ce.

Da yayata Vernice ta rasu, muka binne ta a tsohuwar maƙabartar danginmu, bayan gonakin auduga. Ozell ya sa aka sassaƙa dutse mai faɗi, sunanta a hagu, nasa a dama da shekarar haihuwarsa, aka bar gurbin shekarar mutuwa. Kowace Lahadi in an tashi daga coci yana can, yana cire ciyawa yana kai mata gulmar mutane, har da tawa.

Sai wani kamfanin katako ya sayi filin, ya zagaye shi da waya, ya garƙame ƙofa da kwaɗo. Ozell ya kai ƙara kotun jiha, aka ba kamfani gaskiya. Loretta, 'yar fastonmu da ta karanta shari'a, ta zo har gida ta ce masa kwana arba'in da biyu gare shi ya ɗaukaka ƙara a kotun jiha ta gaba, in suka wuce shi ke nan. Dariya ya yi mata.

"'Yar nan, ni zan sake durƙusa wa mutanen jiha? Gidanmu zan kai su. Can alƙali da sunana yake kirana."

Ni ma na sa baki. Na ce, "Yaya Ozell, tsintsiya fa ta kai ka gidan nan, ba karatu ba." Wata biyu bai amsa gaisuwata ba.

Da hannunsa ya rubuta ƙarar, ya saka kwat ɗin zuwa coci ya kai. Kwanaki arba'in da biyun suka wuce yana jira. A shagon aski aka raɗa masa Babban Joji, in ya shigo a miƙe tsaye, shi kuwa yana ɗaga musu hannu, bai gane shaƙiyanci ba ne.

A wata na huɗu amsa ta zo, shafi ɗaya da rabi. Wannan kotu ba ta da hurumin warware hukuncin kotun jiha, an kori ƙara. Washegari ya tare alƙalin a baranda, tsumman goge ƙasa a hannunsa.

Alƙalin ya ce, "Ozell, sau biyu na karanta takardarka. Ko da gaskiyarka, doka ba ta ba ni ikon taɓa hukuncin nan ba. Can kotun jiha ta gaba ya kamata ka ɗaukaka."

"Ranka ya daɗe, matata ce fa a ciki."

Alƙalin ya dafa kafaɗarsa, ya ce abin ya dame shi. Har ya juya, sai ya waiwayo ya ce wani ya zubar da kofi a bakin matakala. Ozell ya je ya goge. Da bakinsa ya ba ni labarin, kuma ranar na ji tausayinsa.

Sau ɗaya ya gwada tsallake wayar, yana da shekara saba'in da ɗaya. Masu gadi suka janyo shi, wandonsa ya yage har cinya, aka yi mako ana dariyar abin a shagon aski.

Bayan shekara biyu ya mutu. Loretta ta rubuta wa kamfanin sau uku a bar mu mu binne shi kusa da Vernice, ko amsa ba su yi ba. Muka binne shi a maƙabartar gari, gefen babban titi, tsakanin mutanen da bai sani ba.

Wani lokaci nakan tsaya a bakin wayar in leƙa. Ciyawa ta cinye sunan Vernice. Nasa ne ake gani, da shekarar haihuwarsa, da gurbin nan da babu wanda zai shiga ya cike.