Jirgin Yaƙin da Ke Bayan Gidan Dzarma

Idan ka je Dusuman ka tambayi gidan Dzarma, sai a yi ta kallon juna. Amma ka ce gidan Kyaftin, ko akuya ta nuna maka. Kuma fa ba kyaftin ba ne, bai taɓa zama ba. Shekara ashirin da takwas ya yi yana sojan ruwa, a duk shekarun nan sau ɗaya tak ya shiga teku.

Ga yadda aka yi. Yana saurayi, ɗan kudancin Borno da bai taɓa ganin ruwan da ya wuce ƙugunsa ba, aka ɗauke shi soja aka kai shi Legas. Ranar farko da jirgi ya bar gaɓa da shi, ko minti ashirin ba a yi ba cikinsa ya hautsine. Ya yi amai a takalminsa, ya yi a takalmin na kusa da shi, ya ƙarasa a takalmin babban hafsan da ya zo duba sababbi. Da aka dawo sai aka miƙa masa bokitin fenti da buroshi. Aikinsa ke nan har ya yi ritaya. Jirgi ya dawo da tsatsa, Dzarma ya kankare, ya shafa masa fenti ruwan toka, jirgi ya koma teku, Dzarma ya tsaya a gaɓa yana ɗaga masa hannu.

Abin ya zauna masa a rai, ba ƙaramin zama ba. Da ya dawo gida ya so ya rufe zancen, amma matarsa Rebeka ta riga ta ba da labarin takalmin a zumuntar mata ta coci, kuma abin da ya shiga zumuntar mata ya shiga gari. Daga nan aka laƙaba masa Kyaftin, don tsiya.

Sai dai maganar Allah, babu wanda ya kai shi sanin jiragen yaƙi a duk Maiduguri. Zauna da shi gindin darbejiya ka sha labari. Zai faro maka tun daga jiragen katako da iska ke turawa da manyan ƙyallaye, waɗanda sai sun jera gefe da gefe kafin su yi wa juna ruwan igwa. Ya gangaro kan masu cin gawayi suna tururi, ya zo kan masu nutso ƙarƙashin ruwa, da ƙatti masu goyon jiragen sama a baya. Ya san dokokin jirgi kaf: ana kaɗa ƙararrawa duk rabin awa, kuma in masifa ta zo kyaftin ne na ƙarshen fita. In ya kai nan sai wani mara kunya ya ce, "To kai wanne ka tuƙa a ciki, Baba?" Sai ya tashi ya kaɗe wando ya ce rana ta yi.

Wata rana ya sayi tsohon tankin motar mai, aka jawo masa shi har bayan gida. Ya kira maƙwabcinsa Ba'ana mai walda, ya shimfiɗa masa zane a ƙasa.

Ba'ana ya duba zanen, ya duba tankin, sannan ya gaishe shi da yarensa. "Wushe, Kyaftin. Ni aikina walda, abin da ka ce shi zan yi. Amma ina ruwan da za a saka shi? Kogin nan rabin shekara yara ƙwallo suke bugawa a ciki."

"Kai dai yi aikinka," in ji Dzarma. "Ruwa ba ya sanarwa."

Wata bakwai suna abu ɗaya. Aka yi masa hanci mai tsini, aka shimfiɗa katako a sama, aka kafa ɗakin matuƙi, aka ɗora igwa ta bututun rijiyar burtsatse. Dzarma ya shafe shi ruwan toka, shafa ta gwani, ya rubuta suna a gefe da farin fenti: REBEKA. Mai sunan ta fito ta riƙe ƙugu ta ce, "Baban Dorothy, duk matan duniya ni ce na yi kama da tanki?" Ya ce ai girmamawa ce. Ya kuma ce al'ada ce a fasa wa sabon jirgi kwalba a hanci, sai ita za ta fasa. Da ƙyar ta yarda. Abin da aka samu robar zoɓo ce, ta buga sau tara ba ta fashe ba, ta buɗe ta shanye abinta ta koma ciki.

Ba a yi sati biyu ba 'yan jari-bola suka sace igwar. Dzarma ya fusata. Ya sa aka kafa turaku huɗu na ƙarfe cikin kankare, aka ɗaure jirgin da sarƙa huɗu, kowace da ƙaton kwaɗo, ya zura makullan a igiya ya rataya a wuya. Da su yake wanka, da su yake zuwa coci.

Haka jirgin ya zauna shekara goma sha ɗaya a kan yashi. Rebeka na shanya gyaɗa a samansa, kaji na ƙwai a ɗakin matuƙi. Shi kuwa kullum yana sama da farar hularsa yana kaɗa ƙararrawa duk rabin awa, har matan unguwa suka koma da ita suke auna dahuwar shinkafa. Duk ƙarshen damina sai ya kankare tsatsa ya sake fenti. Burinsa ɗaya ne a duniya, kuma bai ɓoye wa kowa ba: kafin ya mutu ya buɗe kwaɗunan nan, ya tuƙa jirginsa a kan ruwa, ko da daga nan zuwa bakin titi ne.

Sai shekarar da ruwa ya ci gari. Da safe yana idon sawu, kafin hantsi ya kai ƙugu, yana gudu yana jan katifu da tukwane da kujerun mutane. Katangun ƙasa suka fara zubewa. A duk layin babu abin da ya fi jirgin Dzarma tsayi, don haka waɗanda suka shekara goma sha ɗaya suna dariya su ne suka fara rige-rigen tsani. Ya tsaya a sama yana miƙa hannu yana ƙirga su: mutum arba'in da uku, awaki shida, da keken ɗinkin wata tsohuwa da ta rantse ba za ta hau ba sai da shi.

Wajen azahar ƙarfe ya yi wata ƙara daga ƙasa. Jirgin ya motsa, ya ɗago, ya fara lilo a hankali, sarƙoƙi huɗun suka miƙe tsaf.

Ba'ana ya kama hannun Dzarma. "Kyaftin, wallahi ya tashi. Waldata ba ta yoyo."

Dzarma ya dafa cikinsa yana jiran abin da ya saba. Shiru. Ba jiri, ba tashin zuciya. Sai da ya kai shekara saba'in cikin banzan nan ya yarda da ruwa. Wacce ta duƙa tana kelaya amai Rebeka ce, kuma a kan takalminsa ta yi. Ya dai riƙe mata kafaɗa, amma Allah ya sani ya ji daɗi.

Ya ciro makullan daga wuya. Murna ta cika shi. Kwaɗo huɗu ne kawai tsakaninsa da abin da ya jira tun yana saurayi. Ya dubi inda ruwan ya nufa: yana kwarara ne can cikin daji, yana juya itatuwa. Jirgin ba inji, ba ƙyallen iska, sitiyarin ma na tsohuwar mota Fijo ne, ba a haɗa shi da komai ba. Ya dubi mutanensa. Wata mai jego ta ƙanƙame jaririnta, idonta a kan hannunsa.

"Za ka buɗe?" in ji Ba'ana a hankali. Shi ma, tsohon kawai, yana son ya ga aikinsa na tafiya.

Dzarma ya san kansa. Ya san in makullan suka ƙara awa ɗaya a hannunsa zai samo dalilin buɗewa. Sai ya ɗaga su ya wurga cikin ruwa, ya juya baya don kada a ga fuskarsa, ya je ya kaɗa ƙararrawa, don rabin awa ta cika.

Washegari masunta suka zo da kwalekwale suka yi ta kwasa. Dzarma ya ƙi sauka. Aka kwashe mata da yara, aka kwashe maza, ya ce saura awaki. Aka kwashe awaki, ya ce saura keken ɗinki. Wani masunci ya ƙule ya ce wannan tsoho lafiyarsa kuwa? Rebeka, daga cikin kwalekwale, ta ce, "Ka bar shi, ɗana. Doka ce. Kyaftin ne na ƙarshe." Tun da aka laƙaba masa sunan, ranar ce ta fara faɗinsa ba da dariya ba.

Da ruwa ya janye, jirgin ya koma ya zauna daidai inda yake, ko taku ɗaya bai yi ba. Ba'ana ya zo da abin yankan ƙarfe ya ce bari ya datse sarƙoƙin, ko don gaba. Dzarma ya ce a bar su.

Yana nan har yau, kaji sun koma ɗakin matuƙi. Duk ƙarshen damina yana hawa tsani ya kankare tsatsa ya shafa ruwan toka. Amma akwai wani layin laka da ya zagaye jikin jirgin, daidai inda ruwa ya tsaya masa ranar da ya tashi. In buroshinsa ya zo nan sai ya ɗaga hannu, ya tsallake, ya ci gaba daga sama.