Kunnen Mai Saitin Bawul

Shekara talatin da bakwai Mai Kunne yana saitin bawul a garejin bayan tasha, bai taɓa sa geji ba. Siraran ƙarafan awon nan, a cewarsa, na waɗanda suka koyi aiki a takarda ne. Shi sai ya ɗora bakin sukudireba a kan inji, ya manna ƙotar a kunne, ya lumshe ido. Bawul mai lafiya yana ɗan ƙas-ƙas kamar agogo, wanda ya yi tsit kuwa ya matse, ƙonewa zai yi. Da kunnen nan ya yi suna, da shi ya aurar da 'ya'ya huɗu. Girman kai kam akwai shi, amma ba a taɓa dawo masa da aiki ba.

Bana ne injuna suka fara yi masa shiru. Matarsa ma ta ce sai ta kira sau uku yake waiwayowa, ya ce muryarta ce ta tsufa. A ransa kuwa tsoro yake ji, don in maganar ta fita, tasa ta ƙare a garejin.

Wata safiya ƙanensa ya kawo tsohuwar tasinsa. Mai Kunne ya kafa wa bakinsa ido don kada kalma ta wuce shi.

"Yaya, da na tsaya a danja sai ta hau karkarwa a silo, tana neman mutuwa."

Mai Kunne ya duba fulogi, ya duba kafireta, lafiya lau. Ya ɗora sukudireba ya kasa kunne, tsit. Bawul sun matse ke nan. Ya bari injin ya huce, ya buɗe murfi, ya sassauta, aka tayar. Tsit. Maƙwabcinsa mai gyaran birki ya miƙo masa geji a ɓoye, Mai Kunne ya ture hannun. Ya ƙara sassautawa, ya kuma ƙarawa.

A tayarwa ta huɗu ya ji ta, ƙas-ƙas ɗin nan tasa, siririya, daga can nesa. Daɗi ya kama shi.

"To, ka ji ta? Kamar agogo!"

Ya janye sukudireban, ya ɗago yana murmushi. Mai walda ya kashe wutarsa yana kallonsu. Mai birki ya sunkuyar da kai. Ƙanensa kuwa ya toshe kunnuwa da hannu biyu saboda ƙarar injin, jijiyar wuyansa ta tashi, bakinsa yana ta motsi. Mai Kunne ya tsaya yana kallon bakin, bai ji ko kalma ɗaya ba.