Ni Ce Mai Riƙon Zane

Mu huɗu ne a tsakar gida ran nan a Ƙofa: ni, da ƙanwata da ta zo daga Tiga, da matar ɗana tana tsince shinkafa, sai jikata da na raina tun daga yaye, wadda ke karatun jami'a a ƙasar Turawa.

Bayan la'asar jikar tawa ta shiga ba mu labarin binciken da take yi. Wai a can, zamanin da, mata kan kewaye tebur, su riƙe hannun juna, su kira ruhin matattu. Macen da ba a bari ta yi tari a taro, da an ce ruhi ne ke magana da bakinta, sai maza su yi tsit. Wai ta nan wasunsu suka samu bakin neman haƙƙin mata.

Na ce, "Yanzu jirgi kika hau don ki je ki karanto bori?"

"Hajiya, ai shi ya kawo ni. So nake in gwada da namu."

Namu ta ce, amma ba ni ta kalla ba. Ta ja tabarma zuwa gaban ƙanwata, ta ajiye waya tsakaninsu don ɗaukar murya.

Mahaifiyarmu 'yar bori ce. Mu biyu ta kai gaban masu garaya. Iskoki suka ɗauki ƙanwata, ni ko hamma ban yi ba. Sai aka ba ni riƙon zane: in ta hau, ni ke tare ta kada ta faɗa murhu, ni ke gyara mata ɗauri kada ta ji kunya. Ita ake wa kirari, ita ake ba turare. Daga baya duk muka tuba, ni kuwa na yi wa kaina alkawarin ba zan ƙara ɗaga zancen ba.

Abin da yarinyar ba ta sani ba shi ne, wadda aka hau, da ta yi atishawa iska ta sauka, ba ta tuna komai. Duk abin da ƙanwata ta sani game da hawanta, ni na ba ta labari a hanyar komawa gida.

Ina zaune ina jan carbi, ina ji tana cin kasuwa da kayana. Ta kai ga ranar da iskar ta tsawata wa wani mutum da ya ƙwace gonar matar marigayi yayansa, har ya mayar.

"Sai na miƙe, na nuna shi da yatsa..."

Na ce, "A zaune kike."

"Yaya, ba kin ce kin bar zancen ba?"

"Na bari. Carbi nake ja."

Matar ɗana ta cusa kai cikin faifai, kafaɗunta na rawa.

Jikata ta juyo. "Hajiya, don Allah ki bari ta gama, muryarki na shiga."

Muryata na shiga! Muryar da ta yi mata tatsuniya har ta iya magana. Sannan ta dafa gwiwar ƙanwata ta ce, "Ashe ke ce jarumar gidan nan, Kaka." Ita kuma tsohuwar banza har da gyara ɗankwali. Jibi yarinyar za ta koma, ta rubuta wa Turawa cewa mace ɗaya ce a gidanmu, ni kuwa ko a bakin tabarma ba na ciki. Tuwon ranar ban kai loma uku ba.

Washegari ta kama ranar kasuwar Tudun Wada. Da na idar da sallah na yi istigfari a kan alkawarina, na je na tashi ƙanwata. Na ce man shanu nake so a yi wa yarinya guzuri, kuma duk zuriyarmu babu mai hancin gane na kirki sai ita. Ta washe baki ta ɗau mayafi. Na haɗa ta da matar ɗana, na raka su bakin titi, ban juyo ba sai da na ga motar ta ɓace.

Na tarar da jikata tana shan koko. Na shimfiɗa tabarma na ce, "Ɗauko wayar nan taki. Matso da ita kusa da bakina, kuma kada ki katse ni."